Motar da Sulemanu Ya Saya don Liatu

Duk wanda ya yi wayo a Gozaki cikin shekarun farko na mulkin kai ya san Sulemanu Mai-mota. Amma ba da mota ya fara ba. Manomi ne ɗan manomi, dogo, mai sanyin magana, irin mutumin da in ana gardama a dandali shi ne na ƙarshen buɗe baki. Ubansa Rabe yana cikin waɗanda suka fara karɓar addinin Kirista a wannan yanki. Shi Sulemanu ya yi 'yan shekaru a makarantar mishan, ya iya karatu da rubutu daidai gwargwado, sannan ya koma gona. Yana da bijimai biyu na huɗa da garma, yana noma auduga da dawa, kuma ana lissafa shi cikin masu rufin asiri.

Matarsa Liatu 'yar wajen Danja ce, gajeruwa, mai yawan dariya. In tana daka, daga bayan danga ake jiyo waƙarta. 'Yarsu ɗaya, Roda. Ba a daɗe da yaye yarinyar ba aka ga wani tabo mai haske a kafaɗar Liatu. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Rashin ciwon ne ma ya tayar wa disfensa, mai ba da magani a Malumfashi, hankali, don ya tsira mata allura a wurin ba ta ko motsa ba. Ya ja Sulemanu gefe ya ce kuturta ce. Ya ce yanzu akwai ƙwayar magani, ana warkewa, sai dai abin na shekaru ne, kuma nata irin wanda sai an kwantar da ita ne. Ya tura su asibitin kutare na mishan da ke bayan garin Katsina.

Da kakar 1962 Sulemanu ya kai ta. Ya dawo ya tarar da turmi a kife inda ta bar shi. Gwaggo, ƙanwar ubansa, ta kwaso kayanta ta dawo gidan don riƙon Roda, kuma ta riƙe ta da kyau, amma tuwon Gwaggo ba na Liatu ba ne, gidan kuma ya yi shiru irin wanda ba a sabawa da shi.

Zuwa Katsina a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya hau keke zuwa Malumfashi, ya ajiye shi a gidan wani ɗan'uwa, ya jira babbar mota ta cika, ya zauna kan buhuna har Yashe, daga nan wani lokaci a sake mota. Da damina kuwa gona ba ta barinsa. In ya samu ya je, sukan zauna kan wani benci a gindin dalbejiya, ita a wancan bakin, shi a wannan, don haka ta zaɓa.

"Yaya yarinyar?" Da wannan take farawa kullum. Ba ta kiran sunan, don 'yar fari ce.

"Tana nan lafiya. Ta fara bin awaki."

"Ta yi tsawo?"

Sai ya nuna da hannu daga ƙasa. Liatu ta yi ta kallon inda hannun ya tsaya, ko bayan ya sauke shi.

Ana gab da Kirsimetin shekara ta biyu likita ya ce jikinta ya yi kyau, ba ta shafa wa kowa, tana iya zuwa gida hutu ta dawo. Sulemanu ya zo ɗaukarta da sabon zane. Suka taka har tashar Katsina, suka biya, suka hau. Mota ta kusa cika sai wata mata da ke kusa ta lura da yatsun Liatu biyu na hannun hagu da suka lanƙwashe, ta duba fuskarta, ta janye ɗanta. Magana ta fara zagayawa ƙasa-ƙasa. Can ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Malam, yi haƙuri ku sauko. Mutane sun ce in da ita ba su tafiya."

Sulemanu ya fito da takardar likita. Babu wanda ya yarda ya ko karɓa ya duba. Suka nufi wata motar, ashe labari ya riga su. Liatu ta tsaya a gefe, ta ja gyale ta rufe hannun.

"Maigida," ta ce, "mai da ni."

"Bari mu jira ta yamma."

"Mai da ni. Na gaji da kallo."

Ya mai da ita a ƙasa. A bakin ƙofar asibiti ta miƙa masa 'yar rigar sanyi da ta saƙa wa Roda da waɗannan yatsun, ta juya ba ta waiwayo ba. Da ya kawo rigar gida aka gwada, ta yi wa yarinyar kaɗan.

Bayan sati ya nemi Maiwada a Funtua. Maiwada abokinsa ne tun suna kiwo tare, Musulmi ne ɗan Kafur, yanzu yana tuƙa babbar motar da ke kwasar auduga daga kasuwanni zuwa injin gurza. Ya same shi a inuwar motar yana cin rogo.

"Mota nake so in saya," in ji Sulemanu.

Maiwada ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga abokinsa bai yi ba, sai ya goge baki ya ce, "Sule, kai da ko giyar mota ba ka san inda take ba?"

"Za ka koya mini."

Ya ba shi labarin tashar Katsina. Maiwada shi ma ya san da shi ne direban, mai yiwuwa abin da zai yi ke nan. Daga baya ya ce, "To, in za ka saya, a-kori-kura za ka saya, mai buɗaɗɗen baya, ta riƙa ci da kanta da ɗaukar kaya ran kasuwa. Kuma ka yi mini alkawari ɗaya. Ba za ka miƙa wa kowa ko anini ba sai ina tsaye."

Sulemanu ya sayar da audugarsa ta bana, ya sayar da rabin dawa, sannan ya kora bijiman nan biyu kasuwar Danja. Ranar Gwaggo ba ta ɗora tukunya da wuri ba.

"Shanun da ubanka ya bar maka tushensu," ta ce, "ka ba da su don ƙarfen da wani ya gaji da shi? In ya mutu a hanya, yanka shi za ka yi mu ci?"

"Gwaggo, yarinyar nan ba ta san fuskar uwarta ba."

Gwaggo ta shige ɗaki.

Motar farko wani dillali mai suna Sanda ne ya nuna musu a bayan tashar Funtua. Shuɗiya ce, sabon fenti yana ɗaukar ido, kujerar gaba an yi mata sabuwar riga. Sulemanu na ganinta zuciyarsa ta riga ta saye. Har ya ga Liatu a ciki. Sanda ya murɗa makulli ta tashi nan take, ya ce akwai wani Alhaji daga Bakori da zai zo da kuɗi kafin la'asar, amma shi ya fi son ya taimaki talaka.

Maiwada ya dafa murfin inji ya ji da ɗumi, wato an riga an tayar da ita kafin su zo. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya murza a yatsa, ya zaga baya ya tsaya yana kallon hayaƙi, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi.  Sai ya miƙe ya ce, "Ina littafinta?"

Sanda ya kawo. Sunan da ke ciki na wani mutum ne a wani gari mai nisa.

"Ina mai ita?"

"Ya yi tafiya, ya bar mini wuƙa da nama."

"Ya bar maka takarda da sa hannunsa?"

"Haba direba, kamar ba ka san ni ba?"

Maiwada ya tofa yawu a tsumma ya goge inda ake buga lambar inji, ya kira Sulemanu ya ce ya karanta ya gwada da ta littafi. Sulemanu ya duƙa. Lambobin ƙarshe an goge su da zarto an sake bugawa, ba su ma miƙe ba.

Duk da haka ƙafarsa ta ƙi ɗagawa. Ya ce a hankali, "Maiwada, in dai tana tafiya..."

"Tana tafiya. Za ta kai ka har shingen 'yan sanda na farko. Su karɓe ta, kai kuma su rufe ka, sannan ka ga wa zai je wa Liatu. Taho."

Ya ja shi da hannun riga kamar yaro. Sulemanu bai taɓa sanin gaskiyar wannan mota ba. Ya san dai ya yi ta mafarkinta, kuma ya yi kwanaki yana jin haushin abokinsa.

Rani ya yi nisa kafin su ji labarin ta biyu. Malam Abdussamad, malamin gona na Malumfashi, za a tura shi kwas ƙasar waje, yana son rabuwa da tsohuwar a-kori-kurarsa. Wannan ba ta da kyan gani. Fenti ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Amma Malam Abdussamad ya ce su zo da sassafe su tashe ta da kansu tana sanyi, kuma tun kafin a tambaye shi ya ce lagireto na ɗiga, tayar baya ɗaya ta kusa ƙarewa. Maiwada ya tuƙa ta har Bakori ya dawo, ya taka birki a kan tsakuwa, ya saki sitiyari ya ga ko tana ja gefe. Sulemanu ya karanta lambar inji da ta jiki, suka yi daidai da littafi, sunan da ke ciki kuma na mutumin da ke tsaye gabansu ne.

Aka yi ciniki a zauren Malam, gaban shaidu. Ya rubuta takardar sayarwa, ya manna kan sarki, ya sa hannu a kai, shaidu suka sa nasu. Ya rubuta wata zuwa ofishin lasin cewa mota ta bar hannunsa. Da ya ji dalilin sayen, sai ya shiga gida ya fito da jak da 'yan sifanu ya zuba a baya, ya ce, "Waɗannan nata ne, ba na ciniki ba ne. Allah Ya ba maiɗakinka lafiya."

Sulemanu ya zaci an gama. Ashe yanzu aka fara. Mota ta zauna a gidan ɗan'uwansa a Malumfashi, an rufe ta da zana, don Maiwada ya ce ba ta hawa titi da sunan haya sai takardu sun cika. Aka yanki inshora wurin wakilin wani kamfani a Funtua. Sauran kuwa sai Katsina, can ofishin lasin yake.

Zuwan farko, akawu ya jera takardunsa a tebur ya ce, "Malam, kai wane ne a cikinsu? Rasit ɗin haraji ya ce Sule Gozaki. Takardar sayarwa ta ce Sulemanu Rabe. Inshora ta ce Sulaiman."

"Ranka ya daɗe, duk ni ne."

"Na yarda. Amma littafi suna ɗaya yake ɗauka. Ka koma ka kawo shaidar dagaci, a kuma gyara ta inshora."

Wani da ke bayansa a layi ya yi tsaki don tausayinsa, ya ce irin wahalar da ake ba mutane ke nan. Sulemanu kuwa ya tattara takardunsa ya yi godiya, ya fita ya kama hanyar asibiti. Tun daga nan duk sanda aka ce masa ya je ya dawo, bai taɓa ɓata rai ba. Ya dawo da shaidar dagaci aka ce mai sa hannu yana rangadi. Ya sake dawowa aka ce sai mai duba lafiyar motoci ya ga motar da idonsa, tunda haya za ta yi. Gwaggo ta daina cewa gona ta fi tafiya, don yanzu tafiyar ta hukuma ce. A wannan bazarar ya ga Liatu fiye da yadda ya gan ta a duk shekarar da ta wuce.

Yakan baje mata takardun a kan benci, a filin da ke tsakaninsu, ya nuna mata hatimin da aka ƙara. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta san siffar sunansa.

"Motar wace kala ce?" ta tambaya.

"Da dai koriya ce."

Ta yi dariya, irin dariyar da ya daɗe bai ji ba, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga. Sannan ta ce, "Shanun fa? Wa ya saye su?"

"Wani mutumin Musawa."

"Allah Ya sa ya san Ɗan Baƙi ba ya son a yi masa tsawa."

Damina ta sauka, ya yi noman da hannu, gonar ta ragu. Duk ranar da Maiwada ya samu sarari, sukan tura motar filin ƙwallon makaranta, ya koya masa kuloci da giya. Sulemanu mai haƙuri da dabba ne, amma ƙafarsa ta saba da laka, nauyi gare ta. Ranar da Maiwada ya tuƙa su Katsina, mai duba motoci ya wuce da motar bayan an sake taya, aka buga sunan Sulemanu a littafi, aka ba shi lasin ɗin mannawa a gilashi. Gwajin tuƙi kuma ya faɗi. An ce ya ja da baya tsakanin ganguna, ya kwashe guda. Aka ba shi wani lokaci, bayan sabuwar shekara.

Wato Kirsimeti ta uku ma ba da ita za a yi ba. Maiwada ya ce shi zai je ya ɗauko ta, amma lokacin auduga ne, maigidansa bai sake shi ba. Sulemanu ya je ya gaya mata da bakinsa. Ta ce ba komai, ta miƙo wata rigar. Wannan karon ta saƙa ta da girma.

Ya ci gwajin a karo na biyu. Ana saura 'yan kwanaki bikin Ista na 1965 ya wanke motar a rafi, ya shimfiɗa zanen gado a kujerar gaba, ya kama hanyar Katsina shi kaɗai don ɗauko Liatu hutu, yana tafiya a hankali har masu keke na kusan kamo shi a hawa. Da ya tsaya bakin asibiti, majinyata suka fito suka kewaye motar. Liatu ta fito da ƙunshinta, ta zaga ta kama ƙarfen baya za ta hau.

"Ina za ki?" ya ce.

"Nan ma ya isa."

Ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya riƙe da ita. Ta dube shi, ta dubi zanen gadon, ta gane na aurensu ne. Ta shiga ta zauna a ɗofane, ƙunshi a cinya. Sun wuce Kankiya kafin ta jingina bayanta. Ta yi ta kiran sunayen abubuwa kamar mai bitar karatu, ga ɗorawa ta yi tozo, ga rimi, ga mata na dawowa daga rijiya. Wajen Malumfashi ta daina magana.

A gida Gwaggo ta fito ta yi mata barka da zuwa, har da hawaye, amma daga nesa. Roda na bayan Gwaggo, ta riƙe mata zane.

"Je ki, innarki ce," in ji Sulemanu.

Yarinyar ta leƙo, ta ga baƙuwa, ta ga hannun, ta mai da kai. Liatu ta durƙusa ta buɗe ƙunshi ta fito da alewa, ta ajiye a kan tabarma, ba ta miƙa ba. Ta ce, "Ƙyale ta, Maigida. Ina ta san ni?"

Haka hutun ya tafi. Gwaggo ta ware mata kwano da moɗa. A coci mata suka gaishe ta da fara'a, suka bar mata benci guda ita kaɗai, sai Sulemanu ya tashi daga ɓangaren maza ya je ya zauna can, abin da aka yi ta magana a kai har bayan shekara. Roda takan tsaya bakin ƙofa tana kallonta tana tsintar wake, in an ɗago kai ta ruga. Sai ranar komawa, Liatu ta riga ta shiga mota, yarinyar ta zo ta tsaya jikin ƙofar ta ce, "Ke, za ki dawo?"

"Zan dawo."

"Ki zo da alewa."

Liatu ta riƙe kukanta har suka fita gari.

Daga nan hanya ta buɗe. Motar takan kwashi buhuna da 'yan kasuwa ran kasuwar Malumfashi da ta Danja, ta ci da kanta kamar yadda Maiwada ya ce, ko da yake lagireton bai taɓa daina ɗiga ba, kullum da garwar ruwa a baya. Duk wata kuma sai ta yi Katsina. Disfensan Malumfashi ya fara turo masa waɗanda aka rubuta wa asibitin, Musulmi da Kirista, waɗanda manyan motoci ba sa ɗauka. Wasu 'yan kasuwa suka daina hawa motarsa saboda haka. Wasu suka daina, suka dawo, don shi ba ya cika kaya fiye da kima kuma ba ya gudu. Wani zuwan yakan tafi da Roda, ta zauna a gaba tana cin gyaɗa, har ta saba da bencin gindin dalbejiya.

An sallami Liatu a shekarar da aka fara yaƙin basasa. Ta dawo gida da takardar warkewa da yatsu biyu da ba su sake miƙewa ba. Ba ta ƙara haihuwa ba. Zaman Gozaki bai yi mata daɗi ba, don maƙwabta sun daina aiko yara karɓar wuta, in ta yi ƙosai ba mai saye. Bayan Gwaggo ta rasu suka koma Malumfashi, kusa da tasha, inda ba kowa ya san labarinta ba. Can ta kama saƙa, Roda ta shiga makaranta.

Abin da Sulemanu bai zata ba shi ne, Liatu ta dawo da kewar wani wurin. Shekarun nan ta yi su ne ɗaki ɗaya da wata tsohuwa mai suna Hajjo, mutuniyar Musawa, wadda ciwon ya ci ƙafafunta da idanunta, danginta kuma suka daina zuwa. Hajjo ba ta cikin waɗanda za a sallama. Duk daren tafiyar Katsina tun da yamma Liatu ke fara shiri, ta daka yaji, ta ƙulla daddawa da kuka, ta soya 'yar gyaɗa mai laushi don Hajjo ba haƙora. Wani lokaci ta bi shi. Yawanci kuwa ba wuri, gaba da baya majinyata ne, sai ta ba shi saƙo, ta maimaita masa har ya haddace.

"Ka ce mata na gaishe ta. Ka ce yarinyar ta iya rubuta sunanta. Ka duba ko an gyara mata rufin nan, in ba a gyara ba ka yi wa Sistar asibitin magana. Kada ka miƙa mata ka juyo, Maigida, ka zauna ka ɗan yi hira da ita."

Shi kuwa ya ce to, ya ƙara wa lagireto ruwa, ya ɗaure ƙofar baya, ya tambayi waɗanda ke ciki ko kowa ya zauna daidai, sannan ya tayar.